Tukur Raba-Daidai da Murfin Kwalba

Idan kana neman mutumin da bai taɓa cutar kowa a rabo ba, daga Talata Mafara har Bakura, Tukur mahauci za a nuna maka. Ni Taiba ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, don taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, shi ɗan mace ni 'yar namiji, wato dai bawana ne, ko da yake har yau bai amsa ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, ita ma damina ta cinye rabinta, saboda haka duk abin da ake yi a tsakar gidansa ina kallo ina matsar man gyaɗata, ba sai na yi leƙe ba.

A Damri aka haife shi, gidan fawa gaba da baya. Yana ƙarami ubansa ya rasu, aka kai shi riƙo Maradun wajen wani ƙanen uban. A can ya koyi riƙon wuƙa, a can kuma ya koyi ɗanɗanon ƙashi a baki lokacin da 'ya'yan gida suke cin tsoka a gabanka. Ba wanda ya taɓa dukansa a gidan, shi da kansa yake faɗa. Sai dai in an dafa nama ya matso da ɗan kwanonsa, akwai wata tsohuwa da takan ja shi gefe cikin lallashi ta ce, "Taho nan Tukur, wanga nasu na." Yau gemunsa ya yi fari fat, amma in yana ba da labarin nan sai muryarsa ta sauya, ni kuma sai in rasa tsiyar da zan yi masa, abin da ba ya faruwa da ni sau da yawa.

Da ya kawo ƙarfi ya dawo Talata Mafara ya kafa teburinsa a kasuwa. Nama dai kowa yana sayarwa. Abin da ya fito da sunansa shi ne watanda, inda mutane kan haɗu su sayi sa guda, a yanka, a kasa naman tsibi-tsibi kowa ya ɗauki kasonsa. Kafin zuwan Tukur, watanda a unguwarmu ba ta ƙarewa sai an kai ga dattawa. Shi kuwa in ya tsuguna a gaban nama, tsoka daidai, kitse daidai, tumbi daidai, hanta ma sai ya yanka ta ƙanana-ƙanana har kowane tsibi ya samu, ko da abin da ya samu ɗin bai fi a ɗora a ƙumba ba. Na taɓa ganinsa ya tsaya yana harar wutsiyar sa kamar ta zage shi, don ta ƙi rabuwa daidai. Daga nan aka sa masa Raba-Daidai, sunan ya bi shi har Maradun inda aka taɓa ja shi gefe.

To da a kasuwa ya bar halin nan, da babu mai magana. Amma mutumin kirki ba ya barin kirkinsa a wurin aiki, sai ya taho da shi gida ya ɗora wa iyali. In sallah ta zo, yadi guda yake saya, ya sa tela ya yanka wa kowane yaro tsawo ɗaya. Ranar idi sai ka ga ƙaraminsu yana sharar titi da riga, babbansu kuma gwiwa a waje. Takalma ma lamba ɗaya yake kwasowa. Matarsa Nagode ta yi magana har ta gaji, ta koma tura tsumma a bakin takalman ƙanana. Ni kuwa duk shekara sai na ce masa, "Bawana, Allah ya sa ba kai za ka raba likkafani ba, da jarirai sun ɓace a ciki." Sai ya yi dariya ya ce baƙin ciki nake yi da adalci.

Yana da ƙane guda, Ishaq, wanda sayen shanu ya kai shi Gidan Goga, ya yi aure ya zauna. Wata shekara 'yan bindiga suka shiga garin, Ishaq yana cikin waɗanda ba su tsira ba. Matarsa ma ba ta daɗe ba a bayansa. Aka kawo 'ya'yansa a bayan mota da ƙullin kayansu, babbansu Abdu, autarsu Lami tana tsotsar yatsa. Ina tsaye a bakin katanga Tukur ya tara gidan kaf, da nasa jikokin da waɗannan marayu, ya ce: "Ku saurara. Gidan ga nau ba ɗan gida, ba baƙo. Abin da ɗaya yac ci kowa shi ci, abin da ɗaya yas sha kowa shi sha. Ranar da yaro guda yaj ji an ce mai wanga nasu na, ranan nan kak ku ƙara kira na Tukur." Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Rantsuwa ce mai kyau, kuma ya riƙe ta da haƙori.

Akwai dai wata al'umma a gidan da adalcin Tukur bai shafa ba, su ne ragunan da yake turkewa don layya. Waɗannan kam ba raba-daidai. In zai ba su maganin tsutsa, sai ya kama kowanne ya shafa bayansa, ya ɗaga ƙirjinsa ya ji nauyi, sannan ya ja magani a sirinji yana ƙanƙance ido a kan layukan. Babban rago da nasa, ɗan ƙarami da nasa. Wanda ba ya ciwo kuma ba a ba shi maganin ciwon wani. Na taɓa tambayarsa ina adalcin ya tafi, ya dube ni kamar na haukace ya ce, "Ke Taiba, dabba ta. In ka zarce mata sai ta hwaɗi." Wato rago yana da girma da ƙanƙanta, ɗan mutum ne ba shi da su.

Babban ɗansa Sadiƙ yana zaune a gidan da matarsa Bushira. Ɗansu na fari Haidar, yana makarantar firamare. Bara da damina Bushira ta sake haihuwa, aka samu mace, aka sa mata Zainabu, sunan mahaifiyar Tukur, gwaggona. Tun ranar suna Tukur bai taɓa kiran sunan ba, sai dai Uwata. Kullum da safe kafin ya tafi kasuwa sai Nagode ta ɗauko ta daga ɗakin jego ta miƙa masa, ya riƙe ta a hannuwan nan nasa masu kaushi yana gaishe ta kamar tsohuwa: an tashi lahiya, ya sanyi, ya gajiya. Ita kuma ta yi masa hamma.

Ba a yi arba'in ba Haidar ya kwanta da tari da zazzaɓi. Sadiƙ ya kai shi asibiti. Wata malamar asibiti mai suna Lailatu ta ɗora shi a ma'auni, aka duba ƙirjinsa, aka ba su kwalbar magani da ɗan murfin roba mai layuka a jiki. Ta nuna wa Sadiƙ layin da za a tsaya in an zuba, ta ce na Haidar ne shi kaɗai, a yi ta ba shi a kan lokaci har kwanakin da aka ɗiba su cika, ko da ya ga ya warware. Sadiƙ ya dawo gida ya maimaita wa ubansa duka, kalma-kalma, sannan ya miƙa masa kwalbar, don a gidan Tukur duk abin da za a raba ta hannun Tukur yake bi.

Tukur ya ɗaga murfin a rana ya dubi layin. Layin yana can ƙasa, bai ma kai rabi ba.

"Wanga ai tauye mudu na," in ji shi. "Ni tun da nike ban taɓa auna ma mutum abu ban cika mashi ba."

Ya cika murfin har baki ya ɗura wa Haidar. Da ya ɗago, sai ya ga sauran yaran sun kewaye shi suna kallo, Lami a gaba da yatsa a baki. Maganin ja ne, yana ƙamshin alewa. Ina ganin fuskarsa na san abin da zai biyo baya. Ya ce su yi layi. Kowa murfi guda, cike, har da waɗanda ko atishawa ba su yi ba.

Na ce, "Bawana, watandar magani kuma aka fara?"

Ya ce, "Rigakahi na. Tari ba ya san ɗan wa shika kamawa ba."

Sadiƙ ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, malama ta ce shi ɗai..."

"Malama ta san marayun da ag gidan ga?"

Shi ke nan. Kwalbar da aka ce ta kai yaro ɗaya kwanaki, kafin ka ce me ta ƙare a cikin cikunan da ba su buƙace ta ba. Haidar ya ɗan farfaɗo, aka yi ta yabon hannun kaka. Bayan 'yan kwanaki tarin ya dawo da ƙarfinsa, har ya fi na farko. Tukur ya yanke hukunci cewa maganin asibiti ba shi da ƙarfi, kuma kwalbarsu ƙarama ce, irin ta marowata. Ranar kasuwa ya tsaya wajen wani mai tallan magani a baro, wanda yake sayar da na ciwon baya da na ƙarin jini da na ɓera duk a wuri ɗaya, ya zaɓo kwalba mafi girma. Mai baron ya tabbatar masa cewa wannan in yaro ya sha, tari zai kwanta, yaron ma zai kwanta. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Washegari da safe aka yi layi. Murfin asibitin nan da ya adana shi ne mudu. Yana gama bin yaran Nagode ta fito da jaririya don gaisuwar safe, hancinta yana ɗan yoyo, ta yi atishawa a hannunsa. Tukur ya dubi kwalba, ya dubi jaririya.

Nagode ta ce, "Malam, wagga ko arba'in ba ta yi ba."

"Arba'in ɗin ta za ta hana mata haƙƙinta? Kowa ya samu, sai Uwata za a tsallake?"

Bushira tana tsaye a ƙofar ɗaki, daga bayan labule. Na ga labulen ya motsa, na ga yatsunta sun damƙe shi. Amma wace suruka ce za ta ɗaga murya ta ce wa uban mijinta a'a, a tsakar gida, a gaban yara? Ta yi shiru irin na tarbiyya, wanda ake yabon mace a kansa. Ni na yi magana ta saman katanga, na ce ya bar yarinyar nan da nonon uwarta, amma maganar taubashiya ai wasa ce, ko da gaske take. Ya cika murfin, ya ɗiɗɗiga mata a baki da haƙuri da ƙauna, yana cewa sha Uwata, sha, har ya ƙare. Sannan ya saɓa wuƙaƙensa ya tafi kasuwa da zuciya fara.

Da hantsi gidan ya yi tsit. Gidan da ko kiran salla ba ka ji sosai saboda hayaniyar yara, ranar kowannensu ya miƙe a gindin darbejiya yana barci baki buɗe. Nagode har tana cewa yau ta huta. Ina cikin tuyar ƙuli na ji an kira ni a hankali. Bushira ce a bakin katanga, da jaririya a hannu.

"Gwaggo, dibi Uwar Baba. Ta ƙi tashi. Na sa mata nono ba ta kama ba."

Na karɓe ta. Jikinta ya saki kamar tsumma, leɓunanta sun sauya launi, numfashin kuwa sai ka jira har ka fid da rai kafin wani ya zo. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce wa Nagode ta miƙo kwalbar nan, ta kuma taso Haidar, na bar ƙuli a wuta muka tare 'yan kabu-kabu, masu haya da babur. Mayafina ma a hanya na lura a juye na yafa shi.

A asibiti Malama Lailatu muka tarar. Kallo ɗaya ta yi wa yarinyar ta karɓe ta ta shige da ita, ta kira likita, aka sa mata robar iska a hanci, aka nemi jijiya a ɗan hannun nan. Ta fito ta karɓi kwalbar ta karanta jikinta, ta tambayi nawa aka ba ta. Bushira ta sunkuyar da kai. Ni na ce murfi guda, cike har baki, don mai rabon ba ya tauye mudu.

Ana haka Tukur ya iso, an je an kira shi, rigarsa duk jinin fawa. Ya tsaya a gaban malamar yana haki, ya fara: "Malama, ina wuni? Ya aiki? Ya gida, ya yara, ya..."

"Baba, lahiya lau. Kai kab ba ta maganin ga?"

"Ni na. Daidai da kowa nib ba ta, wallahi ban rage mata ba."

Malamar ba ta yi masa faɗa ba, ni kuwa da ta yi da na taya ta. Ta ja shi zuwa ƙofar ɗakin ta nuna masa ɗan ma'aunin da aka ɗora jaririyar a kai, ta faɗa masa nauyinta. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban sikeli ba sai an yi masa bayani ba: abin da aka faɗa da kyar ya kai cinyar rago guda a teburinsa. Ta ce maganin yara da nauyin yaro ake auna shi, da kuma shekarunsa, shi ya sa ake ɗora su a ma'auni kafin a rubuta. Ta ce hantar jariri da ƙodarsa ba su yi ƙwarin da za su fitar da magani daga jiki ba, sai ya taru ya danne numfashi. Wannan na baro kuwa, ko ɗigo ba a ba jariri. Jaririn da bai yi ƙwari ba in ya yi zafin jiki ko ya ƙi nono, ba a gwada masa komai a gida, kawo shi ake yi. Na Haidar kuma da aka rabar, shi ya sa ciwon ya kwanta ya sake tashi, don ba a gama kashe shi ba.

Tukur ya yi tsuru-tsuru. Hanta da ƙoda ba baƙinsa ba ne, ya san ta ɗan maraƙi ya san ta bijimi, da hannunsa yake ciro su kullum. Ya buɗe baki ya ce, a hankali, "Ni dai ban so a ce an bambanta..."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ragunanka kana ɗaga su ka ji nauyi kahin ka ba su magani. Uwarka kullum tana hannunka, ba ka taɓa jin nauyinta ba?"

Na yi zaton zai rama, don bai taɓa barin tawa ta faɗi ƙasa ba. Sai ya nemi bango ya jingina, ya zame ya zauna a ƙasa, ya dubi tafin hannuwansa. Ban ji daɗin nasarar nan ba ko kaɗan.

Kwanaki muka yi muna zarya. Tukur bai je kasuwa ba, aka yi watanda a unguwa ba shi, aka kuma yi rigimar da aka saba. Yana zaune a barandar asibiti, duk malamar da ta wuce sai ya miƙe tsaye, ba ya ma iya tambaya. Ranar da Bushira ta leƙo ta ce yarinya ta kama nono, sai ya juya fuskarsa bango ya daɗe a haka. Allah ya yi da sauran kwananta. Haidar ma aka sake duba shi, aka sake ɗora shi a ma'auni, aka ba shi sabuwar kwalba. Wannan karon a hannun Tukur malamar ta sa ta, ta ɗora yatsansa a kan layin murfin, ta ce, "Nan, Baba. Shi ɗai."

Safiyar da ta biyo bayan sallamarsu, ina bakin katangata. Tukur ya fito da kwalbar ya zauna a kan turmi. Yara suna ganin kwalba suka taso da gudu suka yi layi yadda ya koya musu, manya a baya, Lami a gaba ta riga ta buɗe baki. Ya kira Haidar. Ya zuba maganin yana ƙanƙance ido kamar yadda yake yi wa ragunansa, ya tsaya a kan layin. Haidar ya shanye. Tukur ya ɗauraye murfin, ya rufe kwalbar.

Lami ta jira. Da ta ga shiru ta ce, "Baba, ni hwa?"

Ya ce, "Wanga na mai ciwo na, ɗiyata. Ke lahiyarki lau."

Ba ta gane ba, ta ƙara matsowa da bakinta a buɗe. Sai Abdu yayanta ya fito daga bayan layi ya kama hannunta. Ba da fushi ba, cikin lallashi, irin na yaron da ya daɗe yana jiran ranar nan.

"Taho mu tahi, Lami. Wanga nasu na."

Na ga maganar ta shige shi. Ya ɗaga kwalbar, babban yatsansa ya hau kan murfin, na ce a raina shi ke nan zai buɗe. Yaran biyu suna tafiya wajen zaure, yana bin bayansu da ido, hawaye suna gangarowa cikin farin gemun nan. Ina da tsiya a bakina tun asuba da na tanadar masa, na haɗiye ta.

Daga ɗakin jego Uwarsa ta tsala kuka mai ƙarfi tana neman nono. Ya saurara har Bushira ta ɗauke ta. Sannan ya sa kwalbar a aljihu a rufe, ya tashi ya bi marayun ƙanensa zaure.